Fuskar Sarki da Nauyin Azurfa

Duk wanda ya taɓa ɗora tsohuwar tsabar azurfar Girkawa a tafin hannunsa, nauyinta ne ke fara ba shi mamaki. Faɗinta bai wuce na dala ashirin ɗin da ake ba yaro ya sayo ƙosai ba, amma a nauyi ta ninka ta fiye da sau biyu. Ga ta da kauri, gefenta kuma ba ya da daidaito, kamar ƙuli-ƙulin da aka danna da babban yatsa. A fuska ɗaya akwai kan mace sanye da kwalkwali. A ɗayar kuwa mujiya ce tsaye, ta waiwayo da manyan idanunta, da reshen zaitun a bayanta, da haruffa uku na farkon sunan birnin Atan. Shekarunta sun haura 2,400. Waɗanda suka haƙo azurfarta, da wanda ya buga ta, da sojan da aka biya da ita, da ɗan kasuwar da ya binne ta a tukunya bai dawo ya ɗauka ba, duk sun zama ƙasa. Ita dai tana nan, giram 17 da ɗan ɗoriya, kusan yadda ta fito daga maƙera.

Akwai mutanen da tara irin wannan tsaba ya zame musu sha'awar rayuwa. Wasu attajirai ne masu saye a manyan gidajen gwanjo, wasu kuwa masu ƙaramin albashi ne da kan yi tanadin watanni kafin su mallaki ƙwaya ɗaya. Na garin cikinsu, idan tsaba ta shigo hannunsa, tambayoyi uku yake yi mata: wa ya buga ki, nawa ne nauyinki, a ina aka tsince ki? Amsa ta farko daga bakin mai mulki take fitowa, ta biyu daga ma'auni, ta uku daga ƙasa. Ba kullum amsoshin nan ke jituwa ba, kuma wurin da suka saɓa shi ne ya fi cancantar a tsaya a duba.

Sunan wannan kuɗi ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Malamin da ke karantar da babin zakka, idan ya ce nisabin azurfa dirhami 200 ne, to kalmar Girkanci ce ya furta. Girkawa na kiran ma'aunin kuɗinsu darakma. Farisawa suka ari kalmar, Larabawa suka karɓa daga gare su suka ce dirham, sa'an nan ta biyo littattafan fiƙihu ta ƙetaro Sahara. Girkawan da kansu sun ce asalin sunan daga cikin hannu ne: kafin a san tsaba, da ƴan tsinkayen ƙarfe ake ciniki, guda shida ne ke cika hannu, shi ya sa darakma ɗaya ta zama daidai da ƙananan tsaba shida da ake kira obol. Mai mujiyar nan darakma huɗu ce a haɗe. A lissafin ginin wani ɗakin bauta da ke kan dutsen Atan, wanda aka sassaƙa a dutse a shekarun 409 zuwa 407 kafin Miladiyya (K.M.), darakma ɗaya ake biyan mai sana'a a yini. Ke nan mujiya ɗaya ladan aikin kwana huɗu ce.

Ba Girkawa ne suka ƙago tsaba ba. A ƙasar Lidiya, yammacin Turkiyya ta yau, aka fara buga ta wajen ƙarshen ƙarni na 7 K.M., da wani ƙarfe mai haɗin zinariya da azurfa. Biranen Girkawa suka ga amfanin abin suka ɗauka, kowane birni da alamarsa: tsibirin Ejina kunkuru, Korinti doki mai fukafukai, Atan mujiya. Bahaushe na kallon mujiya a matsayin tsuntsuwar dare mai mugun alhaki, su kuwa mutanen Atan sun ɗauke ta tsuntsuwar Atena, gunkiyar da suke jingina wa hikima da tsaron birni. Yadda ake bugawa ba ya da wuya a fahimta ga wanda ya taɓa zama a maƙera. Ana sassaƙa hoto a jikin hatimin ƙarfe guda biyu, a kafa ɗaya a kan uwar maƙera, a ɗora gutsuren azurfar da aka auna, a ɗora hatimi na biyu, a sauke masaba. Kowace ƙwaya da hannu aka yi ta, don haka babu biyu da suka zo daidai ta ko'ina.

Abin lura a tsabar wancan zamani shi ne babu fuskar mutum mai rai a kanta. Birni ne ke magana, ta bakin abin bautarsa. Atan ta yi manyan shugabanni, irin su Temistokilis da Ferikilis, amma ko ɗayansu bai sa kansa a kan mujiya ba. Sai dai akwai wasu da tsabar ta ɓoye ɓoyo mafi muni. Azurfar daga ramukan Lawriyon take fitowa, kudu maso gabashin birnin, inda bayi ke rarrafe cikin ƙunƙuntattun hanyoyi da fitilar mai. A shekarar 483 K.M. aka ci karo da wata jijiyar azurfa mai yawa, Temistokilis ya shawo kan jama'a kada a raba kuɗin, a ƙera jiragen yaƙi da su. Da waɗannan jirage aka karya rundunar ruwan Farisa a Salamis a 480. Ƴancin da birnin ya yi ta alfahari da shi, da gumin marasa ƴanci aka saye shi. Marubucin tarihi Tukididis ya ce a ƙarshen yaƙin Atan da Isfarta, bayan 413, bayi fiye da 20,000 suka gudu daga ƙasar.

Mujiya ta yi suna ne saboda tambaya ta biyu, wato nauyi. An san azurfarta tsantsa ce, ma'auninta kuma ba ya canzawa, har ta zama kuɗin da ake karɓa daga Sisiliya zuwa Masar da Sham. Masarawa suka kwaikwaye ta, mutanen kudancin Larabawa ma haka. Duk da wannan, ɗan kasuwa bai taɓa yarda da hoto kawai ba. Da yawa daga cikin mujiyoyin da aka tono a Masar da Gabas suna ɗauke da sara, inda wani ya sa kurfi ya tsaga don ya ga ko tagulla ce a ciki. A Atan ma, wata doka ta shekarar 375 K.M. ta ajiye bawan hukuma a kasuwa, aikinsa gwada kuɗi: ta jabu ya tsaga ta a ƙwace, shi kuma idan ya yi sakaci bulala hamsin ce rabonsa. Ranar da yaƙi ya matse birnin, a 406 K.M., hukumar da kanta ta buga tsabar tagulla mai rufin azurfa. Mujiyar da ke kai ba ta sake kama ba, ma'auni ne kaɗai ya nuna cewa birnin ya kusa durƙushewa.

Daga nan sai Iskandar na Makidoniya ya zo, ya hau gadon mahaifinsa a 336 K.M., ya rushe daular Farisa, ya mutu a Babila a 323 yana da shekara 32. Marubutan dā sun ce dukiyar sarakunan Farisa da ya tara wuri ɗaya ta kai talanti 180,000, kowane talanti kuwa wajen kilo 26 na azurfa ne. Wannan taska da ta daɗe a kulle, shi da magadansa suka narkar da mai yawa daga cikinta suka mayar kuɗi don biyan soja. Gidajen buga kuɗi suka tashi daga Amfifolis a Makidoniya zuwa Tarsus, Saida, Babila da Mamfis ta Masar, duk da hoto iri ɗaya da ma'aunin Atan. A gaba akwai jarumin tatsuniyarsu Herakilis da fatar kan zaki, a baya Zeyus zaune a kujera riƙe da mikiya, a gefe kuma kalma ɗaya da ke nufin na Iskandar. Sabon mai tarawa kan ɗauka fuskar Iskandar ce yake kallo. Ba ita ba ce. Duk da girman kansa, a kan babban kuɗinsa na yau da kullum sunansa kawai ya sa.

Mutuwarsa ba ta tsayar da bugun ba. Birane suka ci gaba da buga kuɗi da sunansa har fiye da shekara 200, na bakin Baƙin Teku ma har cikin ƙarni na 1 K.M., saboda sojan haya da fatake sun saba da shi, kuma ba su son sabon abu. Masanin nan na gidan tarihin Birtaniya, Martin Price, da ya tattara ire-irensu a 1991, ya lissafa wajen 4,000. Dattawan ƙasar Hausa da Borno sun san irin wannan al'amari. Azurfar sarauniyar Ostiriya, Mariya Teresa, wadda ta mutu a 1780, an ci gaba da buga ta da wannan shekarar ba canji, ta shiga kasuwannin Borno da na Hausa a ƙarni na 19, maƙeran farin ƙarfe suka yi ta narkar da ita suna yin awarwaro da zobe. Daga sunanta na Turawa kalmar dala ta samo asali, wadda har yau ake ƙirga kuɗi da ita daga Tawa zuwa Damagaram. Mataccen mai mulki yakan fi mai rai samun amincewar kasuwa, domin shi ba zai sake rage awo ba.

Bayan Iskandar, sarakunan yaƙinsa suka yi wa daular rabon nama. Kowanensu na bukatar hujjar da zai nuna cewa shi ne magaji, kuma tsaba ce jaridar da ke isa hannun kowane soja. Batlimus, wanda ya riƙe Masar, ya tare gawar Iskandar a hanya a 321 K.M. ya kai ta Mamfis, sa'an nan ya buga kuɗi da fuskar mamacin sanye da fatar kan giwa, alamar cin Indiya. Lisimakus na Tarakiya, daga wajen 297, ya fito da wadda masu tarawa da yawa ke ganin ta fi kowace kyau: Iskandar ya ɗaga ido sama, gashi a hargitse, da ƙahon rago a naɗe a bayan kunnensa. Ƙahon alamar Amun ne, abin bautar da Iskandar ya ziyarci ɗakinsa a dausayin Siwa a 331. Almajirin da ya ga wannan hoto ba zai rasa tuna Zulƙarnaini ba. Wasu malaman tafsiri sun ce shi ne Iskandar, wasu kuma sun musanta da ƙarfi. Tsabar ba ta yanke wannan hukunci, iyakarta ta nuna yadda Lisimakus ya so a ga ubangidansa, don a ga shi ma a inuwarsa.

Mataki na gaba shi ne wanda Girkawa suka daɗe suna gudu. Wasu gwamnonin Farisa a yammacin Asiya sun riga sun sa fuskokinsu a kuɗi, amma a wurin Girkawa wannan wuri na abin bauta ne. Batlimus ya ɗauki sunan sarki wajen 305 K.M., bayan wasu shekaru kuma ya sa kansa a kan tsaba: tsoho mai zurfin ido da fitaccen haɓa, da farin ƙyalle ɗaure a kai, wanda shi ne rawanin sarautarsu. Dimitiriyus, mai laƙabin Makewayin Birane, ya buga tasa fuskar da ƙahon bijimi, ya ƙare rayuwarsa a tsare a hannun surukinsa Selukus a 283. Lisimakus ya faɗi a fagen fama a 281 yana tsoho tukuf. Sarki goma, zamani goma. Daga wannan lokaci kuɗi ya zama wurin da mai mulki ke gabatar da kansa, yana laƙaba wa kansa sunaye irin su Mai Ceto, Mai Alheri, Mai Nasara, Mai Adalci.

A nan ne ma'auni ke da abin faɗi. Batlimus ɗin da ya sa fuskarsa shi ne ya rage nauyin darakma huɗu daga giram 17 zuwa wajen 14, ya kuma rufe Masar ga kuɗin waje. Baƙon ɗan kasuwa da ya sauka a Iskandariya dole ya miƙa kuɗinsa a canza masa da na sarki, bambancin ya shiga baitulmali. Akwai wata wasiƙa a takardar fafiras ta shekarar 258 K.M. inda wani jami'i ke kai kuka ga waziri cewa fatake na ƙorafi a kan tangarɗar wannan canji. Farsiyus, sarkin Makidoniya na ƙarshe, da yaƙinsa da Rum ya yi zafi tsakanin 171 da 168, ya rage wa tsabarsa nauyi, fuskarsa kuwa na nan da gemunta da natsuwarta kamar ba abin da ke faruwa. A zamanin Kiliyofatara, wadda sarautar gidan ta ƙare da ita a shekarar 30 K.M., ana nan ana buga fuskar kakan kakanninta Batlimus, amma azurfar da ke ciki ta koma wajen kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya jera tsabar gidan nan daga farko zuwa ƙarshe ya auna su, ya karanta faɗuwar daula ba tare da ya buɗe littafi ba.

Akwai kuma sarakunan da ba su bar komai ba sai tsaba. A arewacin Afganistan ta yau, a ƙasar Baktiriyana da ke kewaye da Balkh, jikokin sojojin Iskandar sun ɓalle daga daular Selukus wajen 250 K.M. suka kafa tasu sarauta, daga baya suka ƙetara duwatsu zuwa kwarin Indus. Littattafan dā sun ambaci ƙasa da goma daga cikin sarakunansu, tsaba kuwa ta fito da sunaye fiye da arba'in. Masu sassaƙa hatiminsu ba su yi wa kowa kwalliya ba. Ana iya bin Yutidimus daga ƙuruciya har ya zama tsoho mai saukakken kumatu. Yukaratidis ya buga zinariya mai nauyin giram 169, wadda babu kamarta a duniyar dā, tana ajiye a ɗakin tsabar kuɗi na babban ɗakin karatun Faransa a Paris. Wani Amintas, wanda babu marubucin da ya kira sunansa, ya buga azurfa mai giram 85 ko kusa da haka, an same ta cikin tarin ƙwaya 627 da aka tono a yankin Kunduz a 1946.

Waɗanda suka mulki ɓangaren Indiya sun yi wani abin da ya dace malamin harshe ya tsaya a kansa. Sun buga kuɗinsu da harshe biyu: a gaba Girkanci, harshen fada da soja, a baya harshen mutanen ƙasa, da wani rubutu mai tafiya daga dama zuwa hagu da ake kira Karoshti. Menandar, wanda ya yi mulki a tsakiyar ƙarni na 2 K.M., Sarki Mai Ceto ne a fuska ɗaya, Maharaja Mai Ceto a ɗayar. Mabiya addinin Budda sun riƙe sunansa a littattafansu da lafazin Milinda. Wani jagoran fataken teku da aka rubuta a ƙarni na 1 na Miladiyya ya ce har a lokacin kuɗinsa na yawo a tashar Barigaza, a gaɓar yammacin Indiya. Sarkin ya fahimci cewa talaka ba ya amincewa da abin da ba a faɗa masa da harshensa ba.

Wannan shawara tasa ta yi amfanin da bai zata ba. Rubutun Karoshti ya mutu, aka shekara fiye da dubu babu mai iya karanta shi. A 1827 wani sojan kamfanin Ingila na Indiya ya gudu daga aiki, ya sake suna ya koma Charles Masson, ya zauna a Kabul. Daga 1833 ya yi ta zuwa filin Bagram yana sayen tsofaffin tsaba daga hannun mutanen ƙauye, har ya tara dubun dubata, yana zana su, yana rubuta inda kowane kashi ya fito. A Kalkata kuwa akwai James Prinsep, wanda aikinsa na albashi gwada tsarkin azurfa ne a gidan buga kuɗi. Da bayanan Masson da na wasu masu tarawa, Prinsep ya ɗora sunan sarki na Girkanci a kan baƙaƙen da ke bayan tsabar, harafi bayan harafi, har rubutun ya buɗe a tsakanin 1835 da 1838. Wani Bajamushe, Carl Ludwig Grotefend, ya bi hanya ɗaya a lokaci ɗaya ya kai ga irin wannan sakamako. Da sarakunan sun tsaya a Girkanci kaɗai, da ƙofar ta daɗe a rufe.

Inda sha'awa da kuɗi suka haɗu, maƙaryaci ba ya nisa. Carl Wilhelm Becker, wanda ya mutu a Jamus a 1830, ya sassaƙa hatimai ɗaruruwa da hannunsa, ya buga tsabar Girkawa da ta ruɗi manyan masu tarawa. An ce yakan zuba sababbin a akwati mai garin ƙarfe, ya ɗaure a gindin keken dokinsa, ya fita yawo don su tsufa a hanya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wani ramin sai an shekara da yawa kafin a kai ƙarshensa. Abin da ke tona asiri shi ne haƙuri: a auna, a duba gefe da madubin ƙara girma ko akwai alamar zubi, a gwada da sauran ƙwayoyin da aka san daga hatimi ɗaya suka fito. Hatimi kan tsage a hankali yayin aiki, tsagar kuma na fitowa a jikin kowace tsaba, tana ƙara faɗi. Da wannan ake gane wadda aka riga bugawa da wadda ta biyo baya.

Saura tambaya ta uku, wadda ita ce ta fi nauyi a wuyan mai tarawa. A 1905, a Damanhur ta Masar, aka tono tarin tsabar Iskandar da aka ƙiyasta ya kai 8,000, wanda aka binne wajen 318 K.M. Kafin masana su ankara, dillalai sun watsa shi. Wani matashi ɗan Amurka, Edward Newell, ya yi shekaru yana bin sawun ƙwayoyin, yana gwada hatimi da hatimi, har ya gano cewa tsabar da a dā ake raba wa birane dabam-dabam daga maƙera ɗaya suka fito. Ya iya yin haka ne saboda an san tare aka same su. Tukunyar kuɗi kamar jimla ce: ƙwayar da ta fi sabunta tana faɗin lokacin da aka binne, waɗanda suka goge suna faɗin daɗewarsu a hannu, baƙin ciki kuma suna faɗin inda fatauci ya kai. Idan aka raba ta aka sayar ɗaya-ɗaya, kalmomin na nan, amma maganar ta ɓace.

Hakan kuwa ya sha faruwa. A 1984, kusa da Elmali a kudu maso yammacin Turkiyya, masu haƙa a ɓoye suka sami tulu mai tsaba kusan 1,900, ciki har da manyan azurfar Atan masu darakma goma guda 14, aka fitar da su ta bayan fage. Sai a 1999, bayan doguwar shari'a a Amurka, ƙwaya 1,661 suka koma gida. A Mir Zaka ta gabashin Afganistan, a 1992, cikin yaƙin basasa, aka kwashe wani tari da masana suka ƙiyasta ya haura ƙwaya rabin miliyan, aka yi ta sayar da shi buhu-buhu a kasuwar Feshawar. Birnin Girkawa na Ai Khanum, wanda masu binciken Faransa suka tona daga 1965 zuwa 1978, ɓarayin kayan tarihi sun mayar da shi ramuka. Mutanen Nijar ba su bukatar a yi musu dogon bayani. Makabartar Bura, wadda aka gano a 1975, Boubé Gado ya tona a 1983, ita ma da duniya ta ga kyawun tukwanenta sai masu haƙa suka afka wa yankin, har a shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura a jerin waɗanda ke cikin haɗari. Manomin da ya haƙa don yunwa yana da nasa uzuri. Wanda ya saya a nesa bai tambaya ba shi ne ya sa wa haƙar farashi.

Saboda haka darajar mai tarawa ba a yawan abin da ya mallaka take ba. A akwatin na gari, ƙarƙashin kowace tsaba akwai ƴar takarda da aka rubuta sunan sarki, da nauyi, da hannuwan da ƙwayar ta bi, da shekarar da ta bar ƙasar da aka same ta, musamman ko kafin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ne ko bayanta. Wadda ba ta da wannan bayani, komai kyawunta, yakan bar ta a hannun dillali. Malamin da ba zai taɓa mallakar ko ɗaya ba shi ma yana da rabo, domin hoton tsaba ɗaya a allo ya ishe shi koya wa ɗalibai bambancin abin da mai mulki ya faɗa game da kansa da abin da awo ya tabbatar.

A cikin sarakunan Baktiriyana akwai wani Antimakus, wanda ya sa wa kansa laƙabin abin bauta. A tsabarsa yana sanye da faffaɗar hular Makidoniya, bakinsa da ɗan murmushi kamar wanda ya san wani abin da bai faɗa ba. Tsawon zamani babu abin da aka sani game da shi sai wannan fuska da wannan laƙabi. A shekarun 1990 aka fito da wata ƴar fata mai rubutun Girkanci, ɗauke da sunansa da shekarar mulkinsa. Takardar shaidar biyan haraji ce. Ita ma ta hannun ƴan kasuwar kayan tarihi ta bi, ba a rubuta ramin da ta fito ba.